Zuwa Toronto da Allurata a Hannuna

Tun lokacin da likita ya ce ƙwayoyi sun daina riƙe ciwon sukarina, dole a koma ga insulin, maiɗakina ce take yi mini kowace allura. Ni nake gwada jini, ni nake faɗin yawan yunit ɗin da za a ɗiba, amma da an zo wajen soka tsini a fata sai in kawar da kai in bar mata sauran aikin. Mun saba da haka har mun daina ganinsa a matsayin wani abu, alhali kuwa ya ɗaure mu duka biyun, domin ita ba ta iya kwana a wani wuri ba tare da lissafin allurata ba, ni kuma duk tafiyar da za ta wuce yini guda sai na nemo uzurin da zan kauce mata. Da aka gayyace ni wani taron aiki a birnin Toronto na ƙasar Kanada cikin watan Oktoba, gayyatar kuma ta mutum ɗaya ce, sai uzuri ya ƙare. Ga shi kuma a birnin ne aka gano insulin ɗin da nake rayuwa da shi, na ga bai dace in ƙi zuwa can saboda tsoron allurarsa ba.

Makonni kafin tafiyar na je asibitin da ake duba ni, na gaya wa ma'aikaciyar jinyar da ke kula da masu ciwon sukari gaskiyar magana. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi mini wa'azi ba. Ta ce, “Malam, ba kai kaɗai ba ne. Har sojoji suna zuwa nan hannunsu yana rawa. Kawo alƙalamin naka mu fara.” Alƙalamin shi ne na'urar nan mai siffar biro wadda take ɗauke da ƙaramar kwalbar insulin a cikinta, ana murɗa gindinta a zaɓi yawan maganin. Ta sa ni na yi ta maimaita aikin a kan wani dunƙulen soso har hannuna ya san tsarinsa. Mutum zai wanke hannu, ya duba sunan insulin da ranar ƙarewar aikinsa, saboda mai saurin aiki da ake yi lokacin cin abinci da mai dogon zango da yake riƙe jiki kusan awa 24 alƙalumansu suna iya kama da juna, musanya su kuwa babban haɗari ne. Daga nan zai ɗaura sabon tsini, ya cire murafunsa biyu, ya murɗa yunit 2, ya ɗaga tsinin sama ya danna har ɗigo ya fito, wanda shi ne shaidar cewa hanya a buɗe take kuma iska ta fita. Sai ya murɗa yawan da likita ya tsara masa, ya soka a miƙe, ya danna maɓallin har lamba ta koma 0, sannan ya ƙirga zuwa 10 a hankali kafin ya zare, domin insulin yana ci gaba da fitowa bayan an gama dannawa, wanda ya yi gaggawa kuma zai ga wani ɓangare na maganinsa yana gangarowa a kan fata.

Tsinin da ta ba ni tsawonsa milimita 4 ne kawai. Ta bayyana mini cewa kitsen da ke ƙarƙashin fata ake nema, ba tsoka ba, saboda tsoka tana jan maganin da sauri fiye da kima har sukari ya faɗi ba zato, shi ya sa yara da ramammun mutane suke ɗan tattaro fata da yatsu biyu kafin su soka. Da ta duba cikina sai ta tsaya a wani wuri ta dama da cibiya, ta sa ni na taɓa da kaina, na ji wani dunƙule mai tauri-tauri a ƙarƙashin fatar. Nan ne wurin da na fi so a yi mini, saboda ba ya zafi. Ta ce rashin zafin shi ne tarkon, domin yawan suka a wuri ɗaya yana tara kitse mai tauri, insulin ɗin da aka zuba a cikinsa kuma ba ya shiga jini a kan tsari, yau ya yi jinkiri gobe ya yi sauri, mutum ya yi ta zargin abinci ko magani. Ta ce in bar wurin ya huta, in raba cikina kashi huɗu ina zagayawa mako-mako, in nisanci cibiya da faɗin yatsu biyu ko uku, in kuma bar aƙalla santimita 1 tsakanin sukar yau da ta jiya. Gefen cinya ta waje, da bayan damtse, da saman mazaunai duk wurare ne, amma ga wanda yake yi wa kansa, ciki da cinya ne idonsa yake gani hannunsa kuma yake kaiwa ba wahala. Ta rufe da cewa, “Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, Malam. Hajiya tana ganin fatar, kai kake jin abin da ke ƙarƙashinta.” A ranar na yi allurar farko da hannuna a gabanta, na kuma tarar cewa sukar yatsa da nake yi kullum don gwajin jini ta fi ta zafi nesa ba kusa ba.

Likita ya rubuta mini takardar da ke bayyana ciwona da magungunan da nake ɗauke da su, sannan muka zauna kan maganar lokaci. A watan Oktoba agogon Toronto yana bayan namu da awa 5, wato ranar tafiyata za ta zama mai awa 29. Insulin na abinci ba shi da matsala, domin abinci yake bi duk inda aka ci shi. Mai dogon zangon ne yake buƙatar shawara, tunda da ƙarfe 10 na dare nake yinsa. Akwai masu matsar da shi da awa ɗaya ko biyu kowace rana har ya dace da daren ƙasar da suka je, amma da yake zamana ba mai tsawo ba ne, likita ya ga ya fi sauƙi in bar shi a kan agogon gida, wato ƙarfe 5 na yamma a Toronto. Wannan shawara ta fi ga yanayina, ba doka ba ce ga kowa, kuma ba abu ne da mutum zai yanke shi kaɗai a cikin jirgi ba. Na ɗaura agogon hannu a kan lokacin gida, na bar wayata ta bi lokacin duk inda muka sauka.

Na ɗauki ninki biyu na duk abin da nake buƙata, na raba shi a jaka biyu da za su shiga ɗakin fasinja tare da ni. Ba a saka insulin a akwatin da za a jefa a ma'ajiyar ƙasan jirgi, saboda akwati yana iya ɓata ko ya makara, sanyin wurin kuma yana iya daskarar da maganin, insulin da ya daskare kuwa ya lalace ko da ya narke ya koma fes a ido. Wanda ba a buɗe ba yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, shi na saka a jakar sanyi na naɗe shi da ƙyalle don kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Wanda ake amfani da shi yana jure zafin ɗaki na kimanin kwana 28 muddin bai wuce digiri 30 ba. A wurin binciken kaya na fito da jakar tun kafin a tambaye ni, na ɗora takardar likita a kanta. Jami'in ya leƙa, ya karanta layin farko, ya miƙo mini ya ce in wuce.

A jirgi na biyu, wanda ya tashi daga wani filin jirgi na Turai ya ratsa tekun Atlantika, na fara yin allura a cikin baƙi. An riga an gargaɗe ni kada in yi insulin na abinci don na ji ƙamshi ko na hango keken rabo, sai tiren ya sauka a gabana na ga abin da ke ciki, domin maganin yana fara aiki cikin minti 10 zuwa 20, idan kuma iska ta girgiza jirgi aka dakatar da rabo, mutum zai zauna da magani a jini ba abinci a ciki. Da tiren ya zo na gwada jini, na ƙiyasta abin da zan ci, sannan na tsaya ina tunanin ko in tashi zuwa bayan gida. Na duba layin masu jira da ƙuncin wurin da kuma rashin tsabtarsa, na ga kujerata ta fi. Na ce wa dattijuwar da ke kusa da ni zan yi allurar insulin, idan ba ta son gani ta ɗan juya. Ta ce mijinta ma yana yi, ta ci gaba da kallon allonta. Na fitar da ɗigon gwaji, wanda ya fi muhimmanci a sama saboda sauyin matsin iska yana haifar da kumfa a cikin kwalbar, na ɗaga gefen rigata kaɗan, na soka, na ƙirga, na zare. Duka aikin bai kai minti ɗaya ba. Na cire tsinin na jefa a ƙaramar robar mai murfi da na tanada, saboda barin tsini a kan alƙalami yana shigar da iska yana kuma zubar da magani, jefa shi a kwandon shara kuwa zalunci ne ga mai kwashewa.

A ganina masu cewa mai ciwon sukari ya riƙa ɓuya kafin ya yi allura ba su san abin da suke ɗora masa ba. Wanda yake jin kunya shi ne yake jinkirta maganinsa har ya sami kaɗaici, wani lokaci ma ya tsallake shi gaba ɗaya, kuma jikinsa ne yake biyan kuɗin wannan kunyar. Ladabi ya isa a sanar da na kusa, a yi aikin a natse.

Toronto ta tarbe mu da iska mai sanyi daga tafkin Ontariyo da itatuwa masu jajayen ganye. Daga filin jirgin Pearson na hau jirgin ƙasa zuwa tsakiyar gari, ƙarfe 5 kuma ta same ni ina shiga ɗakin otal, na yi mai dogon zangon a cinya kafin in kwance kaya. Ƙaramin firijin ɗakin na fara gwada shi da kofin ruwa na wasu awanni, na tabbatar ba ya daskarar da abu, sannan na saka ajiyata a ƙofarsa, nesa da bangon baya inda sanyi ya fi ƙarfi. A waje kuma alƙalami da na'urar gwaji suna aljihun ciki na kwat, kusa da ɗumin jiki, domin sanyi yana rikita na'urar kamar yadda yake cutar da maganin. Taron kansa ba shi da abin da zan ba da labari, in ban da cewa kullum da yamma nakan koma kujerar baya in yi abin da ya kamata, ba wanda ya taɓa ɗaga kai.

Ranar da na sami sarari na taka da ƙafa zuwa titin College, inda tsohon ginin Babban Asibitin Toronto yake tsaye har yanzu, an mayar da shi cibiyar bincike mai suna MaRS. A wannan asibitin ne ranar 11 ga Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko. Ba ta yi wani amfani sosai ba saboda maganin bai tsarkaka ba, sai ranar 23 ga watan, da aka yi amfani da wanda masanin sinadarai James Collip ya tace, sukarin yaron ya sauka, ya kuma rayu har shekarar 1935. Tafiya kaɗan daga nan akwai Jami'ar Toronto, inda likita Frederick Banting da ɗalibi Charles Best suka fara gwaji a kan karnuka a watan Mayun 1921 a ɗakin binciken Farfesa John Macleod. An rushe wancan ginin tuntuni, allon tunawa ne ya rage a wurin. A 1923 aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel, Banting ya raba kasonsa da Best, Macleod ya raba nasa da Collip.

Wadda ta fi tsaya mini a rai cikin marasa lafiyar farko ita ce Elizabeth Hughes, 'yar sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin. An kawo ta Toronto a watan Agustan 1922 tana gab da cika shekara 15, nauyinta kimanin kilo 20, bayan shekarun da ta yi a kan tsarin yunwa wanda shi kaɗai ne maganin da likitoci suke da shi. Kafin ta bar birnin ta koyi yi wa kanta allurar, a zamanin da sirinji na gilashi ne da ake dafawa a ruwan zafi, tsini kuma dogo ne mai kauri da ake wasawa idan ya dakushe, maganin yana kumbura wurin da aka zuba shi, gwajin sukari kuwa sai an tafasa fitsari da wani ruwan magani a ga launin da zai koma. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ta rasu a 1981, an kuma ƙiyasta cewa allurar da ta shiga jikinta ta kai kusan 42,000. Alƙalamin da ke aljihuna bai zo duniya ba sai 1985, lokacin da kamfanin Novo na ƙasar Denmak ya fito da irinsa na farko.

A hanyar komawa otal na ji gwiwoyina sun yi sanyi, zufa ta keto mini duk da iskar da ake yi, hannuna yana ɗan karkarwa. Doguwar tafiyar ƙafa tana ƙone sukari tana kuma ƙara wa insulin ƙarfi, baƙo a sabon gari kuwa yana takawa fiye da yadda ya saba ba tare da ya lura ba. Na zauna a kan wani benci na gwada, na ga 3.6. Duk abin da ya gaza 3.9 a ma'aunin da ake amfani da shi a Kanada, wato 70 a ɗaya ma'aunin da ake samu idan an ninka da 18, faɗuwar sukari ce. Na tsotse ƙwayoyin gulukos na giram 15 da ba sa barin aljihuna, na jira minti 15, na sake gwadawa na ga ya haura, sannan na ci wani abu mai ɗan riƙe ciki kafin in ci gaba. Wanda zai riƙe allurarsa da kansa dole ya riƙe wannan ɓangaren ma, tare da katin da ke bayyana ciwonsa a inda za a gani idan ya kasa magana.

Ranar ƙarshe kafin komawa na hau jirgin ƙasa daga tashar Union zuwa Landan, ba ta Ingila ba, wani gari ne a lardin Ontariyo mai nisan kimanin kilomita 190 daga Toronto, tafiyar awa biyu da wani abu ta cikin gonaki shimfiɗaɗɗu. A titin Adelaide akwai gidan da Banting ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a 1920 bayan dawowarsa daga yaƙin duniya na farko, marasa lafiya kuma suka ƙi zuwa, har ya koma koyarwa na ɗan lokaci a makarantar likitanci ta garin. Yana shirya darasi a kan fankiriyas, gaɓar da ke kwance a bayan tumbi wadda take samar da insulin, ya karanta wata maƙala ta wani likita mai suna Moses Barron, da ƙarfe 2 na daren 31 ga Oktoban 1920 ya farka ya rubuta kalmomi 25 na tunanin da ya kai shi Toronto. Gidan yanzu wurin tarihi ne, ɗakin kwanansa yana sama da gadonsa a ciki, baƙi daga ƙasashe daban-daban suna barin wasiƙun godiya. A filin da ke gefen gidan akwai wutar da mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta Ingila ta kunna a 1989, wadda aka ce ba za a kashe ba sai ranar da aka samo maganin da zai warkar da ciwon baki ɗaya. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce aka mayar ranar ciwon sukari ta duniya.

A can na haɗu da wata mata da ɗanta wanda bai wuce shekara 10 ba, yana da nau'in ciwon da jiki yake daina samar da insulin kwata-kwata tun ƙuruciya. Ta gaya mini cewa yaron ne yake soka allurarsa, amma ita take duba lambar kafin ya danna, kuma ba ta da niyyar daina dubawa nan kusa. Na ga hikimar hakan. Koya wa mutum ya yi da kansa ba ya nufin a juya masa baya, kuma akwai waɗanda idonsu ya raunana ko hannunsu yake rawa saboda tsufa, waɗanda taimakon wani ya zama musu wajibi, ko da yake alƙalamin yana yin ƙara a kowane yunit har mai raunin gani yana iya ƙirgawa da kunne. Abin da bai kamata ba shi ne mai lafiyayyen hannu da ido ya shekara goma bai taɓa gwadawa ba don babu wanda ya zauna da shi na awa ɗaya ya nuna masa.

Ƙarfe 5 ta same ni a jirgin ƙasan dawowa yana gudu yana rangaji. Na jira ya tsaya a wata tasha, na yi allurar a ciki ɓangaren hagu, wanda shi ne rabon wannan makon. Washegari na kai robar tsinayen da na tara wani kantin magani da ke karɓarsu don a ƙone, na nufi filin jirgi. Tafiya gabas tana gajarta rana, kuma a nan ne wanda ya matsar da mai dogon zangonsa zuwa daren Toronto yake buƙatar sabon lissafi, domin idan ya mayar da shi daren gida farat ɗaya allurai biyu za su matso kusa da juna su haɗu a jini. Ni da na bar nawa a kan agogon gida ban canza komai ba, na yi shi a zauren jira kafin a kira mu, na kuma ƙara yawan gwaji cikin dare saboda zama wuri ɗaya da abincin jirgi suna ɗaga sukari. Bayan na iso, gwajin safiya ya riƙa fitowa sama da yadda na saba na 'yan kwanaki har barcina ya daidaita, na rubuta lambobin duka a littafin da zan kai wa likita a ganawarmu ta gaba, tare da tambayar ko za a rage mini insulin na abinci a ranakun da na san zan yi doguwar tafiyar ƙafa.